Tafiyar Sayen Talabijin a Yerwa

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya afka cikin Maiduguri, wato Yerwa. Rabon birnin da ambaliya irin wannan tun 1994. Gwange, inda yayata ke aure shekara da shekaru, tana cikin unguwannin da ruwan ya fi yi wa ɓarna. Sun tsira da rayukansu da tufafin jikinsu, alhamdu lillahi, amma katifu da kujeru da buhunan hatsi da firji da talabijin duk ruwa ya gama da su. Cikin watannin da suka biyo baya aka yi ta mayar da abin da ya zama dole, yau katifa, gobe tukwane, jibi ƙyauren ɗaki. Talabijin ce ta rage, kuma ba wanda ya yi gaggawarta, sai da yara suka fara sulalewa gidan kallo bayan isha'i. Wannan bai kwanta wa Yaya a rai ba. Mu ƙannenta muka yi karo-karo, aka danƙa mini kuɗin, aka ce in je in gaishe su, in kuma tsaya a kan sayen.

Abokaina a Kano sun yi mamaki. Me zai kai mutumin da ke da kasuwar Sabon Gari a bakin ƙofarsa sayen kayan kallo a Maiduguri? Ai daga Legas kaya kan taso, su biyo ta nan kafin su kai can, kowane zango kuma da kuɗin motarsa. Maganarsu gaskiya ce, sai dai rabin gaskiya. Takardar garanti ba ta da amfani in shagon da ya ba da ita yana nesa da kai da kusan kilomita 600. Sannan ni ban ga falon ba tun da aka gyara shi, ban kuma san irin wutar da gidan ke samu ba, alhali a kan waɗannan biyun zaɓin ya rataya.

Bayan ƙaramar sallar 2025 na kama hanya, bazara ta kankama. Duk mai zuwa Maiduguri ta mota ya san doka: sammako. Muna idar da sallar asuba mota ta cika, kuɗin kujera ya haura naira dubu 15, abin da kafin a cire tallafin man fetur a Mayun 2023 bai kai rabin haka ba. Muka wuce Mariri gari bai gama wayewa ba, muka haye gadar Wudil, muka miƙa Shuwarin, daga nan sai Azare. Titin nan mai hannu biyu an daɗe ana aikinsa. Inda aka kammala mota kan sheƙa gudu har fasinja ya yi gyangyaɗi, inda ya rage kuma direba ya dinga sauya hannu. A Potiskum muka tsaya cin abinci. Gari ne na shanu da tireloli, ko'ina ka duba manyan motoci ne a jere suna jiran lodi zuwa kudu. Na ci shinkafa da wake da mai da yaji, da tsiren da ya fi na Kano auki a kuɗi ɗaya. Direba bai bari mun miƙe ƙafa ba, yana ta duba agogo.

Dalilin duba agogon yana gaba da Damaturu. Daga can zuwa Maiduguri bai fi kilomita 130 da 'yan kai ba, amma nan ne hira kan mutu a cikin mota. Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno: sunayen da mu mutanen Kano muka fi sani a labaran rediyo, ga su yau da mutane a ciki, da masu tallar ruwa da gyaɗa, da sababbin gidajen da aka gina kusa da kangwayen da aka ƙone. Sojoji kan rufe hanyar da yamma. A Auno ne, a Fabrairun 2020, aka kashe matafiya kusan 30 waɗanda suka iske an rufe ƙofa suka kwana a cikin motocinsu. Wani dattijo da ke kusa da ni bai saki carbinsa ba tun daga Damaturu. Shingayen bincike muka bi su ɗaya bayan ɗaya, a nuna katin shaida a wuce.

Abin da idona ya fi bi a wannan zango shi ne dogayen turakun wutar lantarki da ke tafe a gefen titi. Su ne ke kai wa Maiduguri wuta daga babban layin ƙasa. A Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka sa musu bam, birnin ya faɗa duhu. Aka gyara cikin Maris, ba a yi mako ba aka sake kayar da su. Watanni da yawa mutanen Yerwa suka yi ba su ga wutar Nepa ba, masu walda da masu ƙanƙara da teloli suka koma kan janareto ko suka rufe shago. Sai a Maris 2023 aka ƙaddamar da tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin mai na ƙasa ya gina domin birnin. Mu a Kano da layin wuta ya lalace a Oktoban 2024 muka yi kwanaki cikin duhu, gari ya ɗauki kuka. Su abin da suka sha ya ninka namu nesa ba kusa ba. Wanda bai san wannan tarihi ba ba zai gane yadda mutumin Maiduguri ke sayen kayan lantarki ba.

La'asar sakaliya muka shiga ta Njimtilo. Abu na farko da baƙo daga Kano zai lura da shi shi ne inuwa: itatuwan darbejiya a jere gefen tituna, manya, tsofaffi. Na biyu, babu babur ko ɗaya, tun 2011 aka hana hawansa, sai Keke Napep kamar ƙasa. Na shiga guda zuwa Gwange, kuɗin bai kai abin da nake biya a Kano daga Kabuga zuwa Bata ba.

Ban yi zancen masauki ba, don na san Yaya ba za ta saurara ba. Kafin in cire takalmi an shimfiɗa darduma, an kawo ruwan randa, an sa turaren wuta a kasko. Mu ma muna turare a Kano, amma a Borno kamar da shi ake gina ɗaki. Labule, matashi, har kofin shayi ƙamshi yake. Da dare aka kawo burabusko da miyar kuka wadda ta ji bandar kifi, maigidan ya zauna kusa da ni yana turo mini tsoka. Gaisuwar Barebari doguwa ce, ba a yanke ta. Maƙwabta suka yi ta shigowa, kowa sai ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, ko da bai taɓa ganin ɗayansu ba. Mutanen da ruwa ya cinye wa dukiya watanni kaɗan da suka wuce, ga su suna aiko wa baƙon maƙwabci da kwanon abinci. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Da safe na nemi tef ɗin awo a wurin tela na bakin layi. Daga bangon da za a kafa talabijin zuwa doguwar kujera, mita biyu da rabi. Yara suka kewaye ni.

"Kawu, mai inci 55 za ka saya, ko? Irin ta gidan kallo."

"Bari mu ga abin da batir zai ce tukuna," in ji ni.

Maigidan ya kai ni lungun da ya ajiye kayan solarsa: inbata ƙarama da batir guda, mai amfiya 200 da bolt 12. A lissafi wannan wat 2,400 ke nan na awa guda, amma batirin ruwa in ana son ya yi ƙarko ba a zuƙe fiye da rabinsa. Saura wajen 1,200. A cikin wannan za a kunna fanka biyu, kowace tana jan wat 60 ko fiye, da fitilu, da cajin waya, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40. Talabijin mai inci 32 kan ja tsakanin wat 30 da 50. Mai inci 43, wajen 60 zuwa 90. Mai inci 55 takan haura 100. Idan wuta ta ɗauke da magariba, duk abin da allo ya sha daga rabon fanka ya fito, tsakar dare kuma za a biya bashin da gumi. A nan maganar inci 55 ta mutu, yaran ma da kansu suka yarda da aka yi musu lissafin.

Muka nufi kasuwa ni da maigidan. Mun ratsa ta gefen Monday Market, wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2023, gwamnatin Babagana Zulum ta sake gina ta, ruwan Satumban 2024 kuma ya shige ta. 'Yan kasuwar garin nan sun ga jarrabawa. Shagunan kayan lantarki da muka shiga na wajen Babban Layi ne da kewayen Post Office. Kayan dai su ne na Kano: LG, Samsung, Hisense, TCL, Polystar, da wasu sunayen da ban taɓa ji ba. A lokacin, masu inci 32 ana faɗin daga naira dubu 150 zuwa dubu 200. Masu inci 43 daga wajen dubu 270 har dubu 400, gwargwadon suna. Masu inci 55 sun haye rabin miliyan. Na buga wa wani abokina a Sabon Gari waya, bambancin bai wuce abin da kuɗin ɗauko kaya zai cinye ba. Kowane mai shago da ka yi wa ƙorafin tsada amsarsa ɗaya ce, dala. Kuma ba ƙarya ya yi ba: kafin Yunin 2023 a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500.

Amma tambayar farko da wani mai shago ya yi mana ba ta kuɗi ba ce. "Alhaji, da sola za a kunna ko da Nepa?" A Kano da na shiga shago sai a ce mini wace iri nake so, inci nawa. Nan kuwa yaron shago ya juya mana bayan talabijin, ya ɗora yatsa a kan takardar da ke manne, inda aka rubuta wat nawa take ja da irin ƙarfin wutar da take ɗauka. Ya san mai saye zai tambaya.

A bangon shagon an jera su fiye da goma, duka suna nuna hoto ɗaya, tsuntsaye da furanni masu launi kamar a taɓa. Talabijin a shago amarya ce ranar biki: an ƙure mata haske, an ƙure launi, an sa mata hoton da kamfani ya tanada musamman don talla. Wanda zai zauna da ita sai ya nemi ganinta da kayan gida. Na zo da filashi a aljihu, cike da irin abin da gidan Yaya ke kallo, wato shirin Labarina, da wa'azi, da wasan ƙwallo, kamar yadda masu tura fina-finai ke zuba wa mutane. Na roƙa a sa. Nan take aka ga bambanci. Wata mai araha ta ƙi buɗe fim ɗin sam. Wata ta buɗe hoto babu murya. A wasan ƙwallon kuma, wata in an buga doguwar ƙwallo sai ka ga tana jan wutsiya a bayanta.

Maganar kyan hoto ba ta da wuyar fahimta in aka bar ruɗin harufan da ke jikin kwali. Hoton allo ɗige-ɗige ne ƙanana. Yawancin masu inci 32 suna da 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Wadda aka rubuta wa 1080 tana da 1920 da 1080, miliyan biyu da kaɗan. Mai 4K tana da 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. Incin kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, shi ya sa mai 43 faɗinta bai cika mita ɗaya ba, amma filin allonta ya kusa ninka na mai 32. Mai shagon ya so ya tura mu kan 4K, da ƙarin kuɗi mai kauri. Na ƙi, kuma ina da hujja. Daga mita biyu da rabi, a allo mai inci 43, ido ba ya raba 1080 da 4K sai da ƙyar. Sannan me za a kalla da ita? Yawancin tashoshin da dikodar gidan ke kamawa ko 1080 ɗin ba su kai ba. In kuwa ta intanet ne, Netflix da kansu sun ce kallon hoto mai kyau na awa guda kan ci har gigabait 3. Wane magidanci ne zai ciyar da talabijin data haka kullum? Kuɗin da za a zuba a ɗigon da ido ba zai gani ba, gara a sa shi a abin da zai kare na'urar.

Akwai gwajin da ban taɓa ganin wani ya yi a shago ba, kuma a gidajenmu ya fi komai muhimmanci. Waɗanda suka ƙera abin nan sun ɗauka mutum biyu ne ko uku za su zauna a kujera, su fuskanci allo sak. A falon Yaya kuwa mutum goma ne, wasu a kujera, yara a kan tabarma a ƙasa, wata a bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana leƙe. Don haka na koma can gefe, na kuma tsuguna. Wasu allunan da ka kauce daga tsakiya sai fuskar mutum ta yi fari fat, baƙi ya koma toka-toka. Wasu kuma launinsu na nan ko ta ina ka duba. Maigidan ya tsuguna kusa da ni, ya duba, ya ce, "Wannan ta biyun, ita ce ta masu iyali." Muka ƙure murya kuma, don lasifikan waɗannan sirara ƙanana ne, ƙasa suke kallo, ga fanka na kaɗawa a ɗaki.

Kafin mu yanke shawara maigidan ya ce mu biya wurin mai gyaran da ya saba da shi. Rumfa ce ƙarama, an jingine matattun talabijin a bango har rufi, da yawansu da busasshen laka a ramukan iskarsu, tun na ambaliya. Mutumin yana riƙe da ƙarfen narka dalma ya yi mana karatun da ya fi na duk masu shago. Ya ce abu biyu ke kawo masa aiki. Na farko allon wuta na ciki, wanda kan ƙone sa'ad da aka dawo da Nepa da ƙarfi, ko janareto ya yi tari. Na biyu fitilun da ke bayan gilashi, waɗanda kan mutu in an bar haske a ƙure dare da rana cikin zafi. Sai ka ji murya, hoto babu. Duka biyun ana gyarawa, in dai nau'in da kayan gyaransa ke kasuwa ne. Gilashin kansa kuwa in ya tsage, kuɗin canjinsa ya kusa na sabuwa. Na tambaye shi game da na hannu, 'yan Beljiyam, da muka gani da araha. Ya nuna wata ƙatuwa mai nauyi a ƙasa, filasma ta ainihi, irin wadda manyan kamfanoni suka daina ƙerawa tun 2014. "Hotonta da kyau, Alhaji, amma wannan ita kaɗai sai ta sha wat 200 ko 300, ga zafi kamar murhu. Batirinka ba zai kai ƙarfe goma ba." Ya kuma gargaɗe mu da masu manna tambarin babban kamfani a jikin wadda ba tasu ba. Ya ce a duba lambar da ke jikin kwali, a gwada da ta bayan talabijin, a kuma shiga cikin saitinta da rimot a ga ko sunan da lambar sun dace.

Haka muka yi. Muka koma shagon da aka fara tambayarmu sola ko Nepa, muka zaɓi mai inci 43, mai 1080, mai ramin HDMI biyu da na filashi. Tana hawa intanet, ko da yake ba don haka muka saya ba. Yanzu da wuya ka sami mai wannan girman da ba ta hawa. Ciniki a Yerwa a natse ake yinsa, ba irin namu na kasuwar Kwari a Kano da ake yi da ɗaga murya ba. Aka kawo mana kujeru da ruwan sanyi, maigidan ya juya harshe zuwa Barbarci, aka yi ta ja a hankali har aka sauko ƙasa da dubu 300. Na ce a buɗe kwalin a gabanmu, a kunna. Muka sa farin hoto zalla, sannan baƙi zalla, muka bi allon da ido kusurwa zuwa kusurwa ko akwai mataccen ɗigo ko wurin da haske ya taru. Lafiya lau. Aka rubuta rasit da lambar na'urar a jiki, aka buga hatimi a takardar garanti. Da canjin da ya rage muka sayi ɗan akwatin nan mai tsare wuta, wanda kan jinkirta 'yan mintoci bayan an kawo Nepa kafin ya saki, da igiyar HDMI, da ƙarfen maƙalawa a bango.

Wurin kafawa ne aka yi gardama. An yi wa falon sabon fenti, amma in ka matsa kusa za ka ga layin da ruwa ya tsaya, siriri, ruwan ƙasa-ƙasa, ya zagaye ɗakin daidai ƙirjina. Ƙa'ida ita ce tsakiyar allo ya yi daidai da idon wanda ke zaune, kuma na faɗi haka. Maigidan ya ɗora tafin hannunsa a kan layin ya ce, "Duk abin da ke da waya a gidan nan, sama da nan zai zauna." Ya riga ya sa an ɗaga duk soket ɗin gidan. Ban ja da shi ba. Mutumin da ya fita da 'ya'yansa a kafaɗa cikin dare ya fi ni sanin bangonsa. Muka mayar da ƙarfen shago aka canzo mana mai sunkuyawa, aka kafa ta sama da layin, aka ɗan duƙar da fuskarta ƙasa, aka bar tazara a baya don iska. Na shiga saiti na fitar da ita daga yanayin shago, na rage hasken zuwa rabi. Yaya ta zo da kyakkyawan mayafin rufawa saboda ƙura, na ce mata, "Yaya, a rufa in an kashe ta huce, kada a rufa tana aiki. Gogewa kuma da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da ruwa."

A daren aka fara da labaran BRTV, don maigidan ba ya wasa da su, sannan aka koma Arewa24. Yaran maƙwabta suka cika tabarma har bakin ƙofa. Babban ɗan gidan ya riƙe ni da labarin El-Kanemi Warriors da kofin ƙalubale da suka ɗauka a 2024 bayan sun doke Abia Warriors, yana neman in yarda sun fi Kano Pillars. Wajen ƙarfe tara Nepa ta ɗauke, inbata ta karɓa, fankoki biyu suka ci gaba da juyawa har asuba.

Kafin in juyo na biya Baga Road na sayi bandar kifi, Yaya kuma ta cika mini jaka da turaren wuta da humra na rabo ga matan gida, da hula zanna guda. Komawa ma da sammako ake yi, sai dai a jira sojoji su buɗe hanya. A tasha na tarar ana loda wa wani saurayi sabuwar talabijin a kwali, zai kai Damaturu, kayan aurensa ne. Yaran mota sun kwantar da ita a bayan but, suna shirin ɗora buhun wake a kai. Na ce masa gilashin nan siriri ne, ba ya son kwanciya a hanya mai gargada, a tsaye ake tafiya da shi kamar yadda kibiyar jikin kwalin ta nuna. Ya tsaya ya yi shawara da aljihunsa, ya biya kuɗin kujera guda, muka tsayar da ita a bayan direba, muka tokare ta da jakunkunanmu.